Wutsiyar Takardun Taki

Ni ba mai zurfin ilmi ba ne. Aji bakwai na gama a Malumfashi, daga nan na tafi Funtua na koyi buga tafireta a shagon wani mutum kusa da tashar jirgi. Da wannan ɗan abin na samu aiki a injin gurzar auduga a shekarun saba'in, ina buga lambobin da ake liƙa wa dilolin auduga. Da aka buɗe wani ofishin taimakon manoma a bayan gari, sai na koma can. Aikin ofishin shi ne raba taki da iri ga ƙauyuka. A nan ne, tun muna cikin tsohuwar jihar Kaduna, aka kawo kwamfuta, aka ce ni zan zauna gabanta saboda hannuna ya fi na kowa sauri.

Ɗaki guda aka ware mata, aka sa iyakwandishan, aka ce kowa ya cire takalmi a bakin ƙofa. Akwai masu difloma a ofishin da suka ga kujerar ba ta dace da ni ba, kuma ba su ɓoye ba. Wani daga cikinsu kullum sai ya leƙo ya tambaye ni ko har yanzu ban ƙona musu na'urar ba. Na faɗi wannan ne don a san irin tsoron da nake zaune da shi, ba don ya wanke ni ba.

Babban aikina shi ne buga takardun taki. Kowane manomi yana da 'yar takardarsa mai ɗauke da sunansa, da ƙauyensu, da buhun da aka ba shi. Firinta ce ke fitar da su a doguwar takarda mai huda-huda a gefe, tana ƙara kamar ana yagar sabon yadi. In na gama sai in ɗaure na kowane ƙauye da roba, in miƙa wa wakilin dagacinsu, dagaci ya raba wa mutanensa, kowa ya je sito ya karɓa.

Tun makonnin farko na lura da wani abu. A gefen dama na takardun, bayan sunan manomi ya ƙare, wani rubutu yakan fito wanda ban sa shi ba. Wata rana guntun wasiƙar manaja ce da na buɗe da safe, wata rana rabin sunan wani ƙauye. Kuma iri ɗaya yake fitowa a kowace takarda, har sai na buɗe wani dogon abu ya maye gurbinsa. Ni na sa masa suna wutsiya. Akwai wuƙar yankan takarda a ofis, mai dogon hannu, sai in jera takardun in datse wutsiyar in zuba a kwando. Ban ɗauke shi wani abu ba.

Injiniyan da ke duba na'urar daga Zariya yake zuwa, sau ɗaya a wata. Saurayi ne mai yawan raha, amma ranar da ya ga abin da ke cikin kwandon bai yi dariya ba. Ya zaunar da ni ya ce in ɗauka na'urar gida ce. Tana da uwar ɗaki, inda kayan kowa ke bi su wuce, kuma ba a barin kowa ya shiga. Shirin da nake buga takardu da shi a zaure yake tsayawa. Tsakaninsu akwai wani ƙaramin shiri da suke kira direba, shi ke zuwa faifan da na'urar ke ajiye bayanai ya ɗebo abin da aka nema, ya zuba a ƙwarya a cikin ɗaki, ya miƙo zaure. Ƙwaryar ɗaya ce, ita ake yi wa kowa aiki da ita. Ya ce wanda ya rubuta direban ya yi sakaci biyu. Ba ya wanke ƙwaryar kafin ya zuba sabon abu, sannan ba ya auna abin da aka nema, sai ya miƙo ƙwaryar ɗungurungum. Idan ɗazu ta ɗauki dogon layi, yanzu kuma gajeren suna, to ragowar na ɗazu yana nan a gefe, tare za su fito.

Na ce masa ai ina datsewa. Ya ce, "Malam, datsewa ba magani ba ce. Abin da ke uwar ɗaki bai kamata ya taka zaure ba sai wanda aka nema. Ranar da ka manta fa?"

A zuwansa na gaba ya kawo sabon faifai, ya ce ya gyara direban: yanzu zai share ƙwaryar tas kafin ya zuba, kuma iyakar abin da aka nema zai bayar. Yana shirin sa shi aka ɗauke wuta, janareta kuma ba mai. Ya jira har la'asar, sannan ya rubuta mini matakan a takarda, ɗaya bayan ɗaya, ya ce ran Litinin in yi da kaina, ba shi da wuya. Na ce to.

Ran Litinin na ɗauko faifan na dube shi na mayar. Lokacin rabon taki ya matso. Na ce a raina, in na taɓa cikin na'urar nan ta tsaya, ƙauyuka suna jira, me zan ce wa manaja, kuma wace irin dariya za a yi mini? Sai na ce bari a gama rabo tukuna. Wuƙa tana nan, hannuna kuma bai gaji ba.

A cikin waɗannan kwanaki ne Baba ya zo. Ba shi ya haife ni ba, aminin mahaifina ne. Ƙauyensu ɗaya, tsakanin Malumfashi da Kafur, tare suka yi kiwon awaki. Mahaifina ya musulunta, shi kuma ya bi 'yan mishan har ya zama dattijon coci, amma gayyar nomansu ba ta taɓa rabuwa ba. Da mahaifina ya rasu, Baba ne ya riƙa aiko mana da dawa har na gama makaranta. Yana da ƙane da muke kira Baba Ƙarami, gidansu ɗaya, katanga ce kawai ta zana tsakani. Shi ya rako shi Funtua ran nan, ya tsaya a gindin dalbejiya a waje.

Ƙara Baba ya kawo. Ya ce takardun ƙauyensu suna zuwa, amma dagaci yana riƙe rabi, ya sa a karɓo takin da sunan mutane a kai kasuwa. Manaja ya saurare shi, ya yi masa alkawarin ba mai jin sunansa, ya ce in buga bayanin a na'ura in ajiye a faifan sirri. Ina bugawa ina jin nauyin abin, domin na san gonar da Baba ke ci da iyalinsa ba tasa ba ce. Aro ce. Mahaifin dagaci ya ba mahaifinsa, wata babbar gona mai gangara zuwa fadama. Kowace kaka Baba yana kai damin dawa guda ƙofar dagaci, shaidar cewa ya san mai ita. Muddin an karɓi damin, gona tana hannunsa har baɗi. Ranar da aka dawo da shi, aro ya ƙare. Kowa a ƙasarmu ya san wannan.

Da zai tafi ya tsaya yana kallon na'urar, hula a hannu. Ya tambaye ni ko akwatin nan yana da baki. Na yi dariya na ce ba shi da baki, Baba. Ya ce to madalla, ya ba ni gyaɗa a ƙulle cikin leda, ya fita.

Bayan kamar mako biyu aka yi ruwan shuka. Washegari ofis ya cika tun da hantsi, wakilan dagatai sun jeru a baranda, kowa na son takardunsa. Manaja zai tafi Kaduna, ya ce in fara buɗe bayanin Baba in fitar masa da kwafi ɗaya ya tafi da shi. Na fitar, na sa a ambulan. Daga nan na shiga takardun taki. Na waiwaya in ɗauki wuƙa, ba ta nan, mutanen sito sun ara. Wakilin da ya riga kowa zuwa yana tsaye a taga yana ce mini hadari na haɗuwa, hanyarsu kuma ba ta son ruwa. Na yage takardun ƙauyensu a kan layin huda, na ɗaure da roba, na miƙa masa. Ban duba gefen dama ba. Wakilin ƙauyen su Baba ne.

Sauran ƙauyukan da almakashi na datse nasu, ina datsewa ina zubarwa ba tare da na karanta ba. Sai da aka yi la'asar, mutane sun watse, na ɗauki kwando zan kai waje, idona ya faɗa kan tarin wutsiyoyin. Duk abu ɗaya ke jikinsu. Sunan Baba cikakke, sannan: ya shaida cewa dagaci yana sayar da rabin. A nan layin ya tsaya.

Na zauna a ƙasa. Na tuna kaurin ƙunshin da na miƙa ta taga. Kowace takarda a cikinsa tana ɗauke da wannan layin, kuma hannun da zai fara kwance robar hannun dagaci ne.

Babur ɗina yana waje, da mai a cikinsa. Da na hau a lokacin, da na isa ƙauyen kafin magariba, ko ban karɓo takardun ba da na gaya wa Baba ya san inda yake. Ban hau ba. Na ce wa kaina dagaci ajami ya iya, ba boko ba. Na ce rubutun ƙanana ne, wa zai kula da gefen takarda ana rububin taki? Na ƙona abin da ke kwandon a bayan ofis, na tafi gida.

Kwana uku ba abin da ya faru. Ran na huɗu ina zaune sai na ji sallama. Wakilin ƙauyen su Baba ne, wani Alhaji mai sanyin murya, ya cire takalmansa ya jera su a bakin ƙofa ba tare da an gaya masa ba. Mun gaisa, ya tambayi iyali, ya yaba sanyin ɗakin, ya ce mu kam mun riga kowa shiga aljanna. Sannan ya zaro wata siririyar takarda daga aljihu ya shimfiɗa a kan teburina, ya danne ta da yatsa.

"Malam, idona ya yi rauni. Karanta mini wannan."

Na ce ai dattin na'ura ne, Alhaji, haka take yi, ba ya nufin komai.

"Ikon Allah," in ji shi. "Datti har da sunan mutum da na ubansa. Ashe na'urar taku ta san mutanen garinmu."

Ya naɗe takardar ya mayar aljihu, ya ce kada in damu, dagaci ya ga aikin ya yi mini yawa, ya sa an datse gefen dukkan takardun da reza kafin a raba, ba wanda ya gani sai su biyu da malamin makarantar da ya karanta musu. Ya ce dagaci ba ya son abin da zai taɓa aikin yaron kirki irina, domin ya ji ana cewa manaja ba ya wasa da maganar sirri. Ya ajiye mini goro biyu a kan tebur. Na raka shi har bakin ƙofa, har da cewa a gaida mini ranka ya daɗe.

Da yammacin ranar na ɗauko faifan injiniya, na bi matakan da ya rubuta. Ko rabin sa'a bai ɗauka ba. Na buga takardar gwaji, gefen dama ya fito fari fat. Tun daga ranar wutsiya ba ta sake fitowa ba har na bar aikin.

A ƙauye kuwa sai abubuwa suka yi kyau, irin kyan da ya hana ni sukuni. A shekarar kowa ya samu takinsa cif. Baba ne ma aka fara ba takarda. Masu binciken da aka turo daga Kaduna suka zo suka zagaya, kowa ya ce ya karɓi nasa, suka koma. Na ji labari dagaci ya tsayar da Baba a kasuwar Kafur, ya riƙe hannunsa ya daɗe, yana tambayarsa yadda dawa take. Baba ya aiko mini da saƙo cewa ƙararsa ta yi amfani, Allah ya yi mini albarka. Ni kuwa na san al'ada: ba a karɓe gona da shuka a tsaye. Sai an girbe.

Haka na yi daminar nan. Duk Asabar sai in ce gobe zan je, duk Lahadi sai in ce suna coci. In na hangi wani daga ƙauyen a tashar mota sai in sauya hanya. Matata ta tambaye ni ko ciwo nake, na ce sanyin ɗakin na'ura ne. Dawa ta yi kai, ta nuna. A hanyar Malumfashi na fara ganin dammuna a kan jakuna, kowane dami na gani sai in tuna na Baba.

Labarin ya iso ni ta bakin wani direban lori. An kai damin Baba ƙofar dagaci da safe, kafin azahar an dawo da shi, an jingina a bakin zaurensa, ɗaurinsa ma ba a taɓa ba.

Sai a lokacin na hau babur. Na sami Baba a tsakar gida yana tsince auduga a kan tabarma, damin yana nan inda aka ajiye shi, kaji na tsattsagar gindinsa. Ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce wakili ne ya rako damin, ya ce dagaci ya ce wanda yake da baki a Funtua ya nemi gona a Funtua. Ya faɗi wannan ba tare da ya ɗaga kai daga audugar ba. Na buɗe baki, na riga na shirya kalmomin tun a hanya. Sai ya riga ni.

"Na yi ta lissafi, ɗana. Manaja baƙo ne, bai san kowa a nan ba. Kai kuwa ɗan aminina ne, ko wuƙa aka sa maka a wuya ba za ka faɗa ba. Saura mutum ɗaya da ya san na je."

Ya nuna katangar zana da haɓarsa. Ya ce ita gonar ƙanen nasa ma ai aro ce, amma shi an karɓi daminsa.

Kofin ruwan yana hannuna. Abin da zan faɗa bai fi numfashi biyu ba. Na tuna muryar wakili, na tuna manaja, na tuna mai difloma a bakin ƙofa, na tuna dawar da mutumin nan ya riƙa aiko mana. Na kai kofin baki na sha. Muna nan zaune Baba Ƙarami ya leƙo ya yi sallama, ni kaɗai na amsa. Ya tsaya jim, ya dubi wansa, ya dube ni, ya juya.

Kafin bazara Baba ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Mahuta, inda wani ɗan cocinsu ya sama masa fili mai tsakuwa. Ni na nemo masa lorin da ya kwashe kayan, har ya yi ta gode mini a gaban mutane. Baba Ƙarami ya fito zai kama ɗaukar turmi, matar Baba ta ce ya bar shi, suna da hannu. Ya tsaya a gefe har motar ta tashi.

Filin Mahuta bai taɓa ciyar da su yadda tsohuwar gonar ta yi ba. 'Ya'yansa maza biyu suka bar noma suka shiga dako a kasuwar hatsi ta Funtua, ina ganinsu, suna gaishe ni da ladabi. Baba bai daɗe ba sosai. Na je jana'izarsa. Baba Ƙarami ma ya zo, amma bai shiga cikin coci ba, a waje ya zauna kan wani dutse har aka gama. Da za a watse ya ce in rage masa hanya zuwa Funtua ya hau mota.

Mun yi nisa a kan babur, sai ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Ɗana, kai da kake cikin ofishin nan, ba ka taɓa jin wanda ya kai maganar ba? Ni dai Allah ya sani." Na ƙara mai, na ce iska ba ta bari in ji. Bai sake tambaya ba. A tasha ya sauka, ya sa mini albarka.

Shi ma ya rasu yanzu, dagaci da wakilinsa sun rasu, ofishin an rufe shi tuntuni. Amma jikokin gidajen nan biyu har yau ba sa zuwa bikin juna, kuma na ji yaran ba su ma san dalili ba, an dai ce musu kakan wancan gida maci amana ne. Akwai masu karatu a cikinsu, wasu ma aikin kwamfuta suke yi, za su gane abin da injiniya ya gaya mini fiye da yadda ni na gane shi. Su nake so wannan rubutu ya isa hannunsu. Kakanku Baba Ƙarami bai kai maganar wansa ko'ina ba. Daga hannuna ta fita, ta taga, a ɗaure da roba, kuma sau biyu aka ba ni damar in faɗa na yi shiru.